Ciwon Yaya da Ruwan Chennai

Yayana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma kafin Allah ya ba shi shago ya yi shekaru yana dakon dilolin atamfa da shadda. Ciwon baya ya fara taɓa shi tun yana ganiyar ƙarfinsa, ya zo ya tafi, har ranar da ya zo ya ƙi tafiya. Daga ƙugu yake tasowa, ya bi bayan cinyar hagu, ya sauka har tafin ƙafa. Babu sunan da ba a ba shi ba a gidanmu. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne, gwaggonmu kuwa ta tsaya kai da fata jifa ne daga abokan kasuwa. An yi ƙaho, an sha sassaƙe, an sha rubutu, an je gashi asibiti. Da aka ɗauki hoto aka ga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa na ƙasa ya zame ya danne jijiya, sai dangi suka zauna, aka sayar da fili, aka yanke shawarar Indiya. Ni aka ce in raka shi, don ina koyarwa a sakandare, ina kuma jin Turanci. Haka muka sauka Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu da a da ake kira Madras, a farkon Satumbar 2015.

Gari ne na bakin teku, mai zafi da gumi. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne 'yan adaidaita sahu, irin namu sak, har launin rawayan. Muka kama ɗaki a bene, a wani gida da ake ba majinyata haya kusa da unguwar Thousand Lights. Maƙwabtanmu 'yan Bangaladash ne, da Larabawan Oman, da wasu 'yan uwanmu daga Legas da Maiduguri, kowa da marar lafiyarsa da jakar takardun asibiti.

Tiyata ta yi kyau, in ji likita, kuma ban ga dalilin musa masa ba. A makon farko Yaya har waya ya yi wa Hajiya yana cewa ta saki ranta, an gama. Bayan mun yi Babbar Salla ciwon ya dawo. Aka sake hoto, likitan ya haska shi ya nuna mana jijiyar a sake, babu abin da ke danne ta. Yaya ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Auta, tambaye shi, to me ke cina?" A zaman nan ne likitan ya gano Yaya yana shan taramol da ya ɓoyo daga gida, mai lamba 225, irin wanda ake miƙowa a ɓoye a wasu kemis, alhali na asibiti ba ya wuce 50 ko 100. A jikin katin an rubuta a Indiya aka yi shi. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce irin wannan ƙwaya ba a yanke ta rana ɗaya, ya tsara yadda za a riƙa ragewa mako-mako, ya mayar da mu wajen mai gashin ƙashi.

Ita ce ta fara yi mana bayanin da ya zauna mini a kai. Ta ce ciwon da ya wuce wata uku yakan sauya hali. Ko da an gyara abin da ya haifar da shi, jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa sukan ci gaba da zama cikin shiri, kamar mai gadin da ɓarayi suka taɓa shiga wa: daga ranar, ko kyanwa ce ta taka kwano sai ya busa usur ya tashi unguwa. Ta ce zafin gaskiya ne, kada wanda ya kuskura ya ce raki ne, amma ba kowane zafi ke nufin wani abu yana lalacewa a jiki ba. Daga baya na karanta cewa tun 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa saƙon ciwo ba ya miƙewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. A laka ana iya ƙara shi ko rage shi, kuma abin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, tsoro ne ko natsuwa, yana da hannu a wannan. Da ta gama sai ta ce tana so mu ga wani malamin yoga da ke aiki da masu ciwon baya, in likitan tiyata ya amince. Ya amince, bisa sharaɗin kada a lanƙwasa bayan.

Yaya ne bai amince ba. Muna fita ya ce, "Auta, addininsu ne fa. Na sayar da fili, ba zan sayar da imani ba." Ban ga laifinsa ba. Abin da muka sani na yoga shi ne na fina-finan Indiya, mutum ya tanƙwashe ƙafa gaban gunki ya rufe ido. A watan Yunin shekarar ma mun ga Firaminista Narendra Modi a talabijin yana jagorantar mutum fiye da dubu 35 a Delhi, ranar 21 ga wata, karon farko da aka yi ranar yoga ta duniya bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2014. Na ɗauki maganar Yaya da muhimmanci. Ranar Juma'a na je babban masallacin Wallajah da ke Triplicane, wanda aka gina a 1795, na tambayi dattawan Musulmin garin. Kansu a rabe yake: wani ya ce kada mu kusance ta, wani ya ce shi kansa likita ya sa shi saboda hawan jini, yana yin numfashin da miƙe jikin, ya bar musu sauran. Na bincika na ga cewa majalisar fatawa ta Malesiya a 2008, da ta malaman Indunusiya a 2009, sun hana Musulmi yogar da ke haɗe da waƙe-waƙen bauta da ibadar Hindu. Na kuma ga abin da ban taɓa ji ba a makaranta, wato Abu Raihan Albiruni, babban masanin nan na ƙarni na 11, ya fassara littafin Patanjali, tushen falsafar yoga, zuwa Larabci. Bai bar addininsa ba, ya dai ga akwai abin sani a ciki.

Yaya ya buga wa malaminsa waya a Kano. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce in motsa jiki ne da numfashi, magani ne, a yi. In an zo kan rusuna wa wani abu, ko kiran sunan abin bauta, ko gaisuwar rana da suke yi, a tashi. Waɗannan sharuɗɗa uku na kai wa malamin yoga, ina tsammanin zai ji haushi. Ya ce ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki, kuma shi zai riƙa zuwa ɗakinmu.

Dattijo ne siriri, Batamile, mai farin gashi. Ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya shafe kusan awa guda yana tambaya kawai. Yaushe ciwon ya fi tsanani? Yaya barci? Me yake tunani in ya farka cikin dare? Sai ya ce in tambayi Yaya, cikin duk abin da ciwon ya raba shi da shi, wanne ya fi yi masa ciwo. Na zaci zai ce kasuwa. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "Sujada." Ya daɗe yana salla a kan kujera, kuma ya san shari'a ta yarje masa, amma bai daina jin abin a ransa ba. Malamin ya roƙe ni in nuna masa yadda muke tsayuwa da ruku'u da sujada da zaman tahiya. Na nuna, yana kallon ƙuguna da gwiwoyina. Ya ce, "To, can za mu nufa, amma ba yau ba."

Darasin ranar kuwa, kwanciya ce rigingine a kan bargo, a ɗora ƙwauri a kan kujera, a ɗora hannu a ciki, a shaƙi numfashi ta hanci, a sake shi a hankali ya fi shaƙar tsawo. Ya ce yawanci ana ƙirga numfashin ne da lamba, amma in Yaya yana da kalmomin da zuciyarsa ta saba da su, ya yi amfani da nasa. Yaya ya ɗauki istigfari. Da dattijon ya tafi, ya ce mini, "Yanzu wannan muka biya wa kuɗi?" Na ce mu ba shi mako biyu.

A hankali na gane daga wace makaranta ya fito. Chennai nan ne Tirumalai Krishnamacharya ya ƙare rayuwarsa. An haife shi a 1888, ya rasu a 1989 yana da shekara 100, kuma shi ya koyar da B.K.S. Iyengar da wasu da suka yaɗa yoga a duniya, tun yana koyarwa a fadar sarkin Mysore. Ɗansa, T.K.V. Desikachar, injiniya ne da ya bar aikinsa ya koma ɗalibin mahaifinsa, ya kafa cibiya da sunan mahaifin a Chennai a 1976. Abin da aka san wannan gida da shi shi ne koyar da mutum ɗaya-ɗaya, a dubi shekarunsa da lafiyarsa da sana'arsa da aƙidarsa, a yanka masa daidai shi. Malaminmu a wannan tafarki ya yi karatu, shi ya sa sharuɗɗanmu ba su dame shi ba.

Bayan kowane darasi yakan zauna ya sha shayi, a nan ne falsafar ke fitowa, ni ina tsakiya ina tafinta. Ya ce littafin Patanjali gajerun jimloli ne kusan 195, kuma uku kacal ne ke magana a kan yadda ake ajiye jiki. Yawancin sauran a kan zuciya da tunani ne. Masana da yawa suna ganin an tattara shi wajen shekara ta 400 Miladiyya. A cikin abubuwan da littafin ya lissafa masu hana zuciya natsuwa, rashin lafiya ce ta farko, kuma ya lura cewa ɓacin rai da rawar jiki da rikicewar numfashi suna tafiya tare da ita. Daga nan suka ɗauko hikimar farawa da numfashi. Mutum ba ya iya umartar ciwo ya tsaya, ba ya iya umartar tsoro ya fita, amma yana iya tsawaita fitar numfashinsa, kuma in numfashi ya lafa jiki yakan sassauta ɗaurin da ya yi wa kansa. Na ga wannan da idona. In zogi ya taso, Yaya yakan danne numfashi, ya cije baki, ya ɗaure kafaɗa, bayan ya sanƙare. Sai da aka nuna masa sannan ya san yana yi.

Abu na biyu da ya dage a kai ya fi ba Yaya wahala. Matakan yoga takwas ne, kuma na farko ba motsa jiki ba ne, ladubban zama da halitta ne, waɗanda kan gabansu shi ne abin da suke kira ahimsa, wato barin cutarwa. Dattijon ya ce jikin mutum yana cikin halittun da aka hana shi cutarwa. Ya faɗi haka ne don ya ga Yaya yana dukan cinyarsa da dunƙulen hannu in ciwo ya ishe shi, ya kuma lura da wata ɗabi'a tasa: ranar da ya tashi da sauƙi sai ya ce yau zai rama, ya taka har ya gaji, ya hau bene ya sauka, sannan ya kwanta kwana uku. Ɗan dako ne, jikinsa bai san wata magana ba sai ta tilas. Malamin ya yanka masa tafiyar minti goma safe da yamma, ranar sauƙi kada ya ƙara, ranar tsanani kada ya fasa, sai bayan mako a ƙara minti biyu. Ya ce a wajensu abu biyu ne ke tafiya tare, nacewa kan aiki kullum da sakin rai game da sakamakonsa. Wanda ke tashi kowace safiya yana taɓa bayansa ya ji ko ya warke, ya riga ya tashi mai gadin. Yaya ya ce, "Wannan ai tawakkali ne." Na fassara. Dattijon ya ce shi bai san tawakkali ba, amma in Yaya yana da shi, ya riƙe shi, ya fi kusa da shi.

Inda ya fi daɗewa shi ne kan kallon ciwon. Falsafarsu ta raba mai kallo da abin kallo: jiki da tunani da zafi duk abubuwa ne da ake gani suna sauyawa, mai ganinsu kuma daban yake. Ɗaya daga cikin tushen wahala biyar da Patanjali ya ambata shi ne mutum ya haɗe kansa da abin da yake gani, har ya zama ba shi da wani suna sai marar lafiya. Wani kuma shi ne ɗaukar abin da ke gushewa a matsayin mai dawwama. A aikace ga yadda ya koyar da wannan. Yaya yana kwance, sai ya tambaye shi, ina ciwon yake yanzu? Yaya ya ce ko'ina. Ya ce a'a, kunnenka yana ciwo? Hannun dama fa? Ƙafar dama? Da haka har aka ƙuntata shi zuwa wani layi daga ƙugu zuwa bayan gwiwa. Sai ya ce, wane iri ne, suka ne, ko raɗaɗi, ko tsami? Tsaya ka ji na numfashi goma, yana nan yadda yake? Yaya ya saurara, ya ce da mamaki, "Ya koma zugi. Ya sauka ƙasa kaɗan." Shekaru yana fama da abin, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba, gudunsa kawai yake yi. Sau da yawa kallon bai rage zafin ba. Abin da ya rage shi ne firgicin.

Ya kuma raba masa wahala gida uku. Wadda ta wuce ta wuce. Wadda ake ciki sai a ɗauke ta. Wadda ba ta zo ba ita ce ake iya kauce wa. Ya ce in tambayi Yaya, cikin abin da ke hana shi barci, nawa ne na ƙafa, nawa ne na gobe? Yaya ya lissafa: keken guragu, shago a hannun yara, kuɗin fili, 'ya'ya mata uku da ba a aurar ba, da abin da Hajiya za ta ji in ya koma yadda ya tafi. Babu ɗaya cikinsu da ya faru a daren. Ni kaina da nake fassarawa sai da idona ya kawo ruwa, don ban san yana ɗauke da wannan duka ba, ga shi ɗaki ɗaya muke kwana.

Sau ɗaya suka saɓa. Dattijon ya ce a aƙidarsu wahalar yau tana iya zama 'ya'yan aikin da mutum ya yi a wata rayuwa da ta gabata. Yaya ya tashi zaune ya ce in gaya masa mu rayuwar duniya ɗaya muka sani, ciwo kuma jarrabawa ce da kankarar zunubi, ba shaidar cewa mutum mugu ba ne. Dattijon ya haɗa hannu ya ce ya ji, bai sake tayar da maganar ba. Ina tare da Yaya a nan, kuma ba don aƙida kaɗai ba. Duk maganar da za ta sa marar lafiya ya ɗauka shi ya jawo wa kansa, ko ta Indiya ce ko irin tamu ta "alhakin wani ne ke bin sa", ƙarin nauyi ce a kan wanda ya riga ya durƙusa. Haka nan ƙarshen tafiyar da Patanjali ya zana wa rai ba shi ne namu ba. Wanda ya ce yoga babu ruwanta da addini ko kaɗan bai karanta littafinta ba. Abin da na shaida shi ne ana iya tsame abin da ya shafi numfashi da lura da tausaya wa jiki, a bar sauran, kuma malami mai mutunci ba ya ƙin haka.

Tun watan Nuwamba ake ruwa a Chennai, don damina tasu ta ƙarshen shekara ce. Ranar Talata 1 ga Disamba aka kwana aka wuni ana zuba wanda aka ce an yi shekara 100 ba a ga irinsa ba. Aka saki ruwa daga madatsar Chembarambakkam, kogin Adyar ya ƙetare gadoji, ya shiga gidaje. Filin jirgin sama ya cika, aka rufe shi kwanaki. Aka ɗauke wuta, layukan waya suka mutu. Jaridar The Hindu, wadda ke fitowa tun 1878, ta kasa fitowa washegari. Ɗaruruwan mutane sun rasu a jihar. Daga tagar benenmu ina ganin ruwa ya shanye tayoyin adaidaita sahu, samari suna ratsawa da ƙullin shinkafa a ka suna raba wa gidaje, ba sa tambayar addinin kowa. Masallatai da wuraren bautar Hindu da majami'u duk sun buɗe wa waɗanda ruwa ya kora.

A makon ne ya kamata mu karɓo sabon magani, ga shi babu hanya. Abin da ya rage kaɗan ne, muka raba shi yadda zai kai. Sanyi da danshi suka tayar da ƙafar. A dare na biyu, cikin duhu, na ji numfashin Yaya ya sauya, na san abin ya zo. A watan Oktoba irin wannan dare da kuka yake ƙarewa, da neman ƙwaya ko ta halin ƙaƙa. Na ji ya lallaɓa ya sauko ƙasa, ya jawo kujera, ya ɗora ƙafafunsa. Sai istigfari a hankali, kowanne da fitar numfashi ɗaya. Na matso na ce, "Yaya, sannu. In ba ka rabin na gobe?" Ya ce, "Bari tukuna." Can ya ce, "Yana nan, Auta, da ƙarfinsa. Amma daga ƙugu ne zuwa gwiwa. Sauran jikin nawa ne." Muka zauna haka, ruwa yana dukan taga. Bai yi barci ba sai gab da asuba, kuma ciwon bai tafi ba. Amma bai taɓa maganin gobe ba, bai doki cinyarsa ba, da gari ya waye kuma ya yi tafiyarsa ta minti goma sha huɗu a barandar bene, daga wannan bango zuwa wancan. Wata mata 'yar Bangaladash da mijinta ke fama da ciwon daji ta tsaya tana kallonsa, daga baya ta sa ɗanta ya tambaye ni abin da yake yi da numfashin. Na nuna musu iya abin da na iya.

Da ruwa ya janye dattijon ya dawo. Gidansa a ƙasa yake, ruwa ya cinye littattafansa da katifu. Bai ba mu labarin ba sai da na tambaya. Abin da ya fara cewa shi ne, yaya dararen suka kasance? Kafin mu taso ya zana wa Yaya darasinsa a takarda da 'yan hotunan mutum-mutumi, ya nuna inda ake shaƙa da inda ake saki, ya ƙara masa durƙuso a kan gwiwa da tafin hannu, wanda shi ne hanyar zuwa sujada. Muka dawo Kano kafin ƙarshen Disamba.

Yaya ya rabu da taramol a hannun likita, cikin watanni, da wahala. Ya koma shago, amma ya daina ɗaga dila ko da wasa. Goshinsa ya taɓa ƙasa a cikin azumin da ya biyo baya. Har yau in hunturu ya kama yakan koma kujera, yana ɗan ɗingishi, kuma akwai dararen da ba ya barci. Bai warke ba, kuma ba na so kowa ya karanta wannan ya ce na ce yoga tana warkar da ciwon baya. Binciken likitoci ma bai ce haka ba. A 2017 wata ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin ƙwaya ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu, kuma wani gwaji da aka yi a Boston a kan mutum 320 ya nuna amfaninta ya yi daidai da na gashin ƙashi. Sauƙi ne matsakaici. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma mu nan mun ga inda neman sauƙi a ƙwaya ya kai samarinmu da 'yan dakonmu da matan aure, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, shekarar da Indiya ma ta tsaurara doka a kan taramol. Sauƙi matsakaici da ba ya bautar da mutum ba ƙaramin abu ba ne.

Mu ba mu rasa haƙuri ba. Addininmu ya gaya mana dalilinsa da ladansa, kuma wannan ya fi duk abin da na ji a Chennai girma. Da shi Yaya ya tsaya a daren ruwan, istigfarinsa ne a bakinsa. Abin da muka gaza a kai shi ne koyarwa. Mukan cika ɗakin marar lafiya, mu ce sannu, mu ce a yi haƙuri, mu tafi, mu bar shi da ƙarfe biyun dare bai san yadda zai yi da numfashinsa ba, bai san yadda zai raba zafin ƙafa da tsoron gobe ba. Ko kuma mu hana shi motsi gaba ɗaya saboda tausayi, jiki ya ƙara sanƙarewa. Mutanen can sun zauna ɗaruruwan shekaru suna nazarin wannan gaɓa, sun mayar da ita darasi da ake koya wa mutum mataki-mataki.

Sai dai a kiyaye. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, na asibiti ne a ranar, don tarin fuka ma yana kama ƙashin baya. Mai sikila in ciwo ya taso masa, asibiti za a kai shi, numfashi taimako ne kawai a hanya. Kada kuma wanda aka yi wa tiyata ya buɗe bidiyo a waya ya kama lanƙwasa kansa.

Roƙona ga masu gashin ƙashi da likitocinmu shi ne su ware ko da minti goma su koya wa mai daɗaɗɗen ciwo numfashi da tafiya daidai gwargwado, da Hausa, su kuma tambaye shi abin da yake tsoro. Malamanmu kuma su dubi wannan fanni da ilimi, su fayyace wa jama'a abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, kada a bar mutane tsakanin ƙwaya da zargi. Kai kuma da ke da irin Yaya a gida, in likita ya duba ya ce babu haɗari, daren yau kada ka tsaya a sannu. Zauna kusa da shi, ka tambaye shi daga ina zuwa ina ciwon yake, ka kuma tambaye shi me ke hana shi barci.